Neman Aikin da Ya Fi Kwalinka ko Wanda Bai Kai Shi Ba: Wanne Ya Fi Dacewa?

A shekarar 2012 kamfanin Ɗangote ya tallata guraben direbobin manyan motoci guda 100, kuma mutum kusan 13,000 ne suka miƙa takardunsu. A cikinsu an samu masu digirin digirgir 6, da masu digiri na biyu 704, da masu digirin farko sama da 8,000. Jaridu sun daɗe suna yayata labarin a matsayin shaidar yadda rashin aiki ya yi katutu a Najeriya, kuma gaskiya ne. Sai dai kowane ɗaya daga cikin waɗannan mutane ya zauna ya yi lissafinsa kafin ya cike takarda: ya dubi kwalin da ke cikin akwatinsa, ya dubi bakunan da ke jiran abinci a gidansa, sannan ya yanke shawarar sauka ƙasa. A daidai wannan lokaci kuma akwai wasu da lissafinsu ya kai su ga akasin haka, suna aika takarda zuwa muƙaman da aka ce sai mai ƙwarewar shekara biyar, alhali ko shekara biyu ba su yi da gama bautar ƙasa ba.

Wannan lissafi yana zuwa wa kusan duk wanda ya gama karatu, galibi a watan da alawus ɗin bautar ƙasa ya tsaya. Wanda ya saba jin naira 77,000 ta shigo kowane wata, rana ɗaya sai ya wayi gari babu, ga tallace-tallacen aiki iri biyu a wayarsa. Ɗaya yana neman mai takardar sakandare ko ƙaramar difloma, kuma ya san zai iya aikin ido rufe. Ɗayan yana neman digiri na biyu ko shekarun ƙwarewa da bai mallaka ba, amma albashin da sunan muƙamin su ne abin da ya yi shekaru yana mafarki. Shawarar da ake ba shi a majalisa takan rabu biyu. Wasu su ce da babu gara ba daɗi, wasu su ce faɗuwar gaba asarar namiji. Duk maganganun biyu suna da gaskiyarsu, amma babu wadda ta tambayi abin da ya fi muhimmanci, wato a wace irin ma'aikata aikin yake. Ra'ayina shi ne amsar tana sauyawa gaba ɗaya tsakanin wurin da doka ta kafa tsanin ƙarin girma, kamar gwamnati da aikin ɗamara, da wurin da mai kamfani ko manaja ne ke yanke hukunci, kamar kamfanoni da makarantu masu zaman kansu da ƙungiyoyin agaji.

A aikin gwamnati, matakin da mutum ya shiga da shi yana bin sa har ranar ritaya, kuma a nan ne sauka ƙasa ta fi tsada. Matakan albashi sun tashi daga na 1 zuwa na 17. Mai takardar sakandare yakan fara a mataki na 4, mai ƙaramar difloma a na 6, mai shaidar malanta ta NCE a na 7, mai digiri kuma a na 8. Ƙa'idar ƙarin girma ita ce shekara biyu a kowane mataki daga na 6 zuwa ƙasa, shekara uku daga na 7 zuwa na 14, shekara huɗu daga na 15 zuwa sama. To a ɗauki abokai biyu da suka gama jami'a tare, ɗaya ya shiga da digirinsa a mataki na 8, ɗayan ya karɓi gurbin akawu a mataki na 4 saboda shi ne ya samu. Ko da ba a taɓa jinkirta masa ƙarin girma ba, abin da ba kasafai ake gani ba musamman a jihohi da ƙananan hukumomi, sai na biyun ya yi shekara tara kafin ya taka mataki na 8, in ma rukuninsa ya bari ya kai can. A cikin waɗannan shekaru tara abokinsa ya bi ta na 9 da na 10 ya sauka a na 12, domin a babban tsarin ma'aikata ana tsallake na 11. Tunda aikin yana ƙarewa a shekara 35 ta aiki ko shekara 60 ta haihuwa, duk wadda ta riga zuwa, shekara tara ta haura kashi ɗaya cikin huɗu na rayuwar aikin mutum baki ɗaya.

Asarar ba a albashin wata-wata kaɗai ta tsaya ba. Kowane rukunin ma'aikata yana da matakin da ba ya wucewa, kuma rukunin akawuna da direbobi da masinjoji iyakarsa tana ƙasa ƙwarai, ta yadda wanda ya shiga ta nan ba zai kai matakin darakta ba komai daɗewarsa, sai idan an sauya masa rukuni. Masu babbar difloma ta HND sun san zafin wannan iyaka, domin an daɗe ana tsayar da su a mataki na 14 yayin da masu digiri ke wucewa zuwa na 17. Haka kuma fansho yana bin albashi: a ƙarƙashin dokar fansho ta 2014 ma'aikaci yana zuba kashi 8 cikin ɗari, ma'aikatarsa ta zuba kashi 10, don haka ƙaramin albashi na shekaru masu yawa yana haifar da ƙaramin asusu a ranar da ƙarfi ya ƙare.

Maganar da ake yaudarar matasa da ita ita ce, "Kai dai ka shiga, daga baya a gyara maka." Gyaran yana yiwuwa, kuma akwai waɗanda aka yi wa, amma yana da sharuɗɗa: sai an tabbatar da mutum a aiki, sai akwai gurbi a rukunin da yake son komawa, sai kuma hukumar kula da ma'aikata ta amince, abin da kan ɗauki shekaru fayil yana yawo daga tebur zuwa tebur. Mafi muni shi ne halin wanda ya ɓoye digirinsa a ranar ɗaukar aiki domin a karɓe shi da takardar sakandare. Idan ya fito da kwalin bayan shekara uku, tambayar farko da za a yi masa ita ce yaushe ya same shi. Idan kwanan watan ya nuna kafin ya kama aiki ne, an kama shi da ɓoye bayani a takardar da ya sa wa hannu, kuma hukumomi da yawa ba sa karɓar irin wannan kwali. Idan ya ce yana cikin aiki ya yi karatun, sai a nemi takardar izinin tafiya karatu, wadda babu ita. Na ga wanda ya faɗa wannan rami a wata ma'aikatar jiha, mutum mai hankali da ƙwazo, yana rubuta wa shugaban sashensa takardun da shugaban ba zai iya rubutawa ba, amma ya fi shekara goma yana karɓar albashin akawu, kuma har yau idan na tuna shi raina yana ɓaci.

A aikin ɗamara rabuwar ta fi fitowa fili, domin ƙofar kurtu daban, ƙofar hafsa daban. Rundunar 'yan sanda tana ɗaukar kurata da takardar sakandare, yayin da wanda ya bi ta makarantar horar da manyan 'yan sanda ta Wudil yake fitowa da digiri da muƙamin mataimakin sufuritanda. A soja ma haka ne: kurata suna samun horo a Dafo ta Zariya, hafsoshi kuma ta makarantar NDA da ke Kaduna, kuma akwai gajeren kwas na musamman da ake buɗe wa masu digiri da babbar difloma su shiga kai tsaye a matsayin hafsoshi. Mai digirin da ya gaji da jira ya shiga kurtu zai daɗe yana sara wa ƙannensa na makaranta. Akwai hanyoyin da soja ko ɗan sanda ke hawa zuwa hafsa daga cikin aiki, amma doguwa ce kuma ba kowa take kaiwa ba. Wanda shekarunsa ba su wuce ƙa'ida ba, ya fi masa alheri ya jira tallar hafsoshi sau ɗaya ko sau biyu yana wata sana'a.

Duk da haka ban ce a guji ƙaramin mataki a gwamnati ta kowane hali ba. Tazarar mataki ɗaya, misali mai digirin koyarwa da aka ba shi mataki na 7 maimakon na 8, ba abin da zai sa a mayar da takardar kama aiki ba ne, muddin an rubuta digirin a fayil tun ranar farko. Aikin dindindin yana da tabbas, yana ba da damar rancen ƙungiyar ma'aikata, kuma a yawancin ma'aikatu ana tashi da wuri har mutum ya samu lokacin gona ko shago. Sharaɗin dai shi ne a bayyana dukkan takardu, a kuma tambayi wani tsohon ma'aikaci a sashen kula da ma'aikata iyakar rukunin da ake shirin saka mutum a ciki.

Shi kuwa neman abin da ya fi takarda a gwamnati, magana ce gajeriya, domin ƙofar a rufe take. Shafukan ɗaukar aiki na intanet suna tace mutane ne da nau'in kwali da darajarsa da shekarun haihuwa, kuma wanda bai cika ba ko idon ɗan Adam takardarsa ba za ta gani ba. Haka lamarin yake a sana'o'in da ke buƙatar lasisi. Ba a zama likita ko ma'aikaciyar jinya ko mai harhaɗa magunguna da ƙarfin hali, kuma injiniya yana buƙatar rajistar hukumar injiniyoyi ta COREN kamar yadda malamin makaranta yake buƙatar ta hukumar malamai, wato TRCN. A jami'a, mai digirin farko zai iya samun gurbin mataimaki mai neman ƙwarewa idan sakamakonsa ya yi kyau ƙwarai, amma muƙamin mataimakin lakcara sai da digiri na biyu. Wanda ya yi ƙoƙarin cike wannan giɓi da takardar jabu ya ɗora wa kansa abin da zai iya fashewa ko bayan shekara ashirin. Salisu Buhari ya sauka daga shugabancin majalisar wakilai a 1999 saboda ƙaryar shekaru da ta shaidar jami'ar Toronto, Kemi Adeosun kuma ta ajiye muƙamin ministar kuɗi a 2018 saboda takardar yafewar bautar ƙasa da aka gano ba ta gaskiya ba ce. Idan manya ba su tsira ba, ƙaramin ma'aikaci ba shi da inda zai ɓuya a ranar tantance ma'aikata.

Da zarar an fita daga gwamnati zuwa kamfanoni da ƙungiyoyin agaji, lissafin sai ya juya. A nan tallar aiki takan haɗa abubuwa iri biyu da ba a bambanta su ba a rubuce: abin da dole sai da shi, da abin da mai aikin yake fata ya samu. Lasisi, da iya wani harshe da aikin ba zai yiwu ba sai da shi, da iya wata manhaja da ake aiki da ita kullum, waɗannan dole ne. Amma "ƙwarewar shekara uku zuwa biyar" ko "digiri na biyu zai ƙara daraja" sau da yawa fata ne kawai, wanda aka kwafo daga tsohuwar talla. Na zauna a kwamitin tantance masu neman aiki na wata cibiya mai zaman kanta, kuma abin da na gani shi ne da wuya a samu wanda ya cika kowane layi, sannan idan an same shi albashin da yake nema yakan fi ƙarfin kasafin. A ƙarshe wanda ake ɗauka shi ne wanda ya cika manyan sharuɗɗa, ya kuma iya nuna wani aiki da ya taɓa yi da hannunsa. Na kuma lura cewa mata sun fi maza janyewa idan suka ga layi ɗaya da ba su cika ba, alhali sau da yawa takardunsu sun fi na mazan da suka yi ta maza suka nema.

Matasa da yawa suna raina ƙwarewar da suke da ita saboda ba a ofis mai sanyi suka same ta ba. Shekarar bautar ƙasa ƙwarewa ce. Watannin koyon aiki a masana'anta lokacin karatu ƙwarewa ce. Wanda ya riƙe littafin kuɗi na shagon mahaifinsa a Kantin Kwari ko kasuwar Singa shekara huɗu ya san saye da sayarwa da bin bashi fiye da wanda ya karanta su a aji kawai, kuma wadda ta yi aikin rigakafin shan inna gida-gida ta san tattara bayanai da lallashin jama'a. Idan aka ƙirga waɗannan da gaskiya, ba tare da ƙari ba, sai a ga aikin da ake ganin ya fi ƙarfin mutum taki ɗaya ne kawai a gabansa. Irin wannan taki ɗaya shi nake ganin ya kamata a nema ba tare da jin nauyi ba. A ƙungiyoyin agaji da ke aiki a Maiduguri da Damaturu da Yola, alal misali, tsanin yakan tashi daga mai tattara bayanai zuwa mataimaki, zuwa jami'i, zuwa manaja, kuma wanda ya yi shekara biyu a matsayin mataimaki yana da hujjar neman jami'i ko da tallar ta ce shekara uku. Idan ya tsallaka ya nemi manaja, wanda zai riƙe kasafin kuɗi ya shugabanci mutum ashirin, ya ɓata lokacinsa, kuma a garin da ma'aikatan ƙungiyoyi suka san juna zai iya ɓata sunansa.

Hasarar neman sama idan ba a samu ba ƙarama ce: kuɗin data, da wasu sa'o'i, da ɗan ɓacin rai. Tana girma ne idan mutum ya mayar da shi abin yinsa kaɗai, ya yi shekara biyu yana zaman kashe wando yana jiran babban muƙami, ko ya riƙa cin bashin kuɗin mota zuwa Abuja ko Legas don ganawar da tun farko ba shi da rabo a cikinta. Akwai kuma haɗarin da ba a cika faɗa ba, wato a samu aikin a kasa riƙe shi. Kamfanoni sukan sa watanni uku zuwa shida na gwaji, kuma wanda aka sallama a cikinsu ya rasa tsohon aikinsa ya rasa sabo. Saboda haka kafin a karɓi muƙamin da ya fi ƙwarewa, ya kamata a tambaya a fili wa zai koya wa mutum aikin, da wane ma'auni za a auna shi a ƙarshen gwaji. Mai kwaɗayin babban muƙami ne kuma 'yan damfara suka fi samu da sauƙi, masu sayar da takardun kama aiki na bogi a kan dubban ɗaruruwan naira.

Sauka ƙasa a kamfani ba ta ɗaure mutum kamar ta gwamnati, domin babu dokar da ta hana manaja ɗaga wanda ya ga yana da amfani, kuma babu abin da ya hana ma'aikaci tafiya idan ya samu gaba. Amma akwai kuskuren da ake yi na zaton ƙaramin aiki ya fi sauƙin samu. Duk lokacin da sharaɗi ya sauka, jama'a ƙaruwa suke yi, tunda mai sakandare da mai difloma da mai digiri duk sun cancanta. Ranar 15 ga Maris 2014 ta nuna inda cunkoson masu nema kan kai, lokacin da dubban ɗaruruwan matasa da kowannensu ya biya naira 1,000 suka cika filayen wasa don guraben hukumar shige da fice da ba su kai 5,000 ba, har aka rasa rayuka a turmutsitsi a Abuja da Fatakwal da Minna. Bayan cunkoso kuma akwai zargin mai ɗaukar aiki. Idan mai digiri na biyu ya nemi aikin karɓar baƙi, abin da ke zuwa zuciyar manaja shi ne wannan ba zai zauna ba, zai raina abokan aiki, wataƙila ma kujerata yake hange. Maganin wannan zargi shi ne gaskiya: mutum ya faɗi abin da yake son koya a wurin, da tsawon lokacin da zai iya alkawarin zama, kuma ya cika alkawarin.

Ƙananan ayyuka ba ɗaya suke ba, kuma a nan ne ya kamata a fi zurfafa bincike. Akwai ƙaramin aikin da ke cikin fagen da mutum yake son ya girma a ciki. Wanda ya karanta aikin gona ya karɓi aikin kula da rumbu a kamfanin casar shinkafa a Kano ko Kebbi, albashin kaɗan ne, amma cikin shekara guda zai san manoma da dillalai da farashi da ingancin shanshera, ilimin da ake biyan kuɗi mai kyau a kansa. Wanda ya karanta akanta ya zauna a ƙaramin ofishin binciken kuɗi yana rubuta jarabawar ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta ICAN ko yana bin hanyar takwararta ANAN, shi ma ƙasa ya sauka amma a kan hanyarsa yake. Akwai kuma ƙaramin aikin da ke cinye yini duka ba ya ƙara komai. Misalin da ya fi damuna shi ne aikin kwantiragi a bankuna, inda ake ɗaukar masu ƙirga kuɗi da masu farautar abokan hulɗa ta hannun wani kamfani na daban. Suna sa kaya iri ɗaya da ma'aikatan banki, suna aiki daga safe har dare, amma albashinsu bai kai na cikakken ma'aikaci ba kuma kaɗan ne ake mayarwa na dindindin. A cikin wannan hali shekaru suna tafiya, alhali bankuna da manyan kamfanoni sukan ƙayyade shekara 26 ko 27 ga sababbin masu digiri. Ɗalibin da yajin aikin malaman jami'a na 2020 ya ci masa wata tara, na 2022 ya ci masa wata takwas, ba shi da shekarun da zai yi wasa da su.

Dole kuma a yi lissafin aljihu da alƙalami. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a 2024, amma makarantu masu zaman kansu da shaguna da yawa suna biyan ƙasa da haka, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya zama babban abin da ke cin albashi. Malamin da yake hawa adaidaita sahu biyu zuwa, biyu dawowa, kwana ashirin da biyu a wata, ya ci abincin rana a waje, zai iya ƙare wata da abin da bai kai ribar mai shagon cajin waya a ƙofar gida ba. Idan aikin bai bar rarar kuɗi ba, bai koyar da sana'a ba, bai kuma bar lokacin neman wani ba, to sunan ma'aikaci kawai mutum ya saya. A irin wannan yanayi guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, kuma ƙaramar sana'a ta kai tana iya fin ƙaramin aikin albashi yayin da ake ci gaba da nema.

Halin da mutum yake ciki shi ma yana da nasa hukunci. Magidanci mai 'ya'ya uku da kuɗin haya a kansa ba shi da damar jira irin ta saurayin da ke cin abinci a gidan mahaifinsa, kuma ba abin kunya ba ne ya karɓi abin da ya samu ya rufa wa kansa asiri. Maganar mutane, cewa wane da digirinsa ya ƙare a gadi ko tuƙi, ba ta taɓa biya wa kowa kuɗin makarantar yaro ba. Haka ma wanda ya taɓa riƙe babban muƙami ya rasa, kamar ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da yawa da aikinsu ya tsaya bayan Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje a farkon 2025. Irin wannan mutum idan ya karɓi muƙamin da bai kai na da ba, ƙwarewarsa tana nan a rubuce, kuma masu ɗaukar aiki sun fi fahimtar saukar da aka san dalilinta a kan shekara biyu da babu bayaninsu a takarda. Saurayin da ba shi da nauyin kowa kuwa, shi ne ya fi cancanta ya miƙa hannu sama, domin idan bai samu ba babu wanda zai kwana da yunwa.

Da ƙanena ne ya zo mini da wannan tambaya, zan ce masa ya raba ƙoƙarinsa ba daidai ba. Mafi yawan takardunsa su tafi ga ayyukan da suka yi daidai da kwalinsa, kaso mai kyau ya tafi ga waɗanda suka fi shi da taki ɗaya a kamfanoni da ƙungiyoyi, kuma ya gyara kowace takarda ta dace da aikin da ya nufa maimakon aika guda ɗaya wuri hamsin. Ƙananan ayyuka kuwa ya zaɓe su ɗaya-ɗaya, bayan ya tambayi wani da ke ciki mutum nawa ne suka hau daga wannan kujera a shekara uku da suka wuce. Idan ya karɓa, ya sa wa kansa wa'adi tun ranar farko, shekara ɗaya ko ɗaya da rabi, ya rubuta abin da zai koya da kuɗin da zai tara a cikinsa. Shirin N-Power na samar wa matasa aikin wucin gadi da gwamnatin tarayya ta fara a 2016 ya nuna amfanin wa'adi ƙarara. An biya masu digiri naira 30,000 a wata a kan yarjejeniyar shekara biyu, wasu suka yi amfani da lokacin suka yi diflomar koyarwa ta bayan digiri ko suka kafa sana'a, wasu kuma suka zauna suna jiran a mayar da su ma'aikatan dindindin har ranar da aka sallami rukuninsu a 2020.